Shekarar da Na Kwaso Faya-fayan Rediyo Gida

Ina jin yadda kuke ba da labarin barina aikin rediyo idan kun haɗu a tsakar gida ranar Sallah. A zatonku ba na ji, saboda kunnena na hagu ya yi nauyi, to na dama yana nan garau. Abin da kuke faɗa shi ne wai kwamfuta ta zo, Baba ya kasa gane kanta, ya yi zuciya ya ajiye aiki, ya kwaso tarkacen gidan rediyo ya cika ɗakin auren yayanku Nasiru da su. Kwasowa dai na kwaso, ɗaki kuma na cika shi har rufi. Amma maganar zuciya da kasa gane kwamfuta ban san wanda ya ƙago ta ba. Tun da Allah ya ba ni aron rai har na iya zama ina rubutu, bari in faɗa muku yadda aka yi, daga bakin wanda abin ya faru a kansa.

Aikina a gidan rediyo ba na magana ba ne. Na yi shekaru masu yawa a can, amma mutanen gari ba su san muryata ba. Ni ne mai kula da ɗakin faya-fayai, kuma ni ke rarraba shirye-shirye. A wancan zamani idan an ɗauki shiri, a kan babban faifai mai zare ake ɗaukarsa, irin mai faɗin faranti. Ni zan zauna in saurara, inda mai magana ya yi tari ko harshensa ya sarƙe in sa reza in yanke, in haɗa bakin zaren da salatif yadda ko mai shirin ba zai gane wurin ba. Sannan in kwafa, in sa a kwali, in ɗaure da igiya, in ɗora a bayan mashin sai tasha. Muna musayar shirye-shirye da gidajen rediyo na wasu garuruwa, su aiko nasu mu aika namu, kuma a lokacin babu hanyar da murya za ta bi ta isa Yola ko Jos ko Maiduguri sai cikin motar haya. Direbobin duk sun san ni, Idi Mai Faifai suke kirana. Ni na koya musu kada a bar kwalin a rana, kada a jingina shi da lasifikar mota don tana shanye muryar. Akwai wani direban Yola da yake naɗe shi cikin dardumar sallarsa, ya ce nan ne kaɗai ya tabbata yaran mota ba za su zauna a kai ba. Idan motarsa ta lalace a hanya, to a ranar mutanen Yola ba su ji mu ba. Haka abin yake, muryar gari guda tana hannun mutum ɗaya da tayoyinsa.

Daga baya kaset ya shigo, na koye shi. Faifan sidi ya biyo baya, shi ma na koye shi, ni na koya wa sauran ma'aikata yadda ake riƙe shi ta gefe. Duk sauyin da ya zo ya same ni a bakin aiki. Abu ɗaya ne ban taɓa sakewa ba: kowane shiri muka aika, uwar faifan tana nan a wurina, ba na bari a goge ta a ɗauki wani abu a kai sai in babu makawa. Har faɗa na sha yi da masu shirye-shirye a kan haka, don faifai yana wuya. A haka ɗakin ya cika. Akwai makaɗan ƙauyuka da muka bi har gidajensu, akwai tafsirin malaman da sun daɗe da rasuwa, da hirar maƙera da masaƙa da majema, da waƙoƙin niƙa na mata, da mawaƙan coci daga kudancin jiha da muke ɗauka duk Kirsimeti. Mafi yawan mutanen nan ba su da hoto ko ɗaya a duniya. Abin da ya rage nasu shi ne wannan zaren.

A shekarar da nake ba ku labari aka kawo mana sabon manaja, Alhaji Kabiru. Kada wani a cikinku ya zage shi, mutumin kirki ne, kuma ya san aikinsa. Wata safiya bayan damina ta ɗauke ya kira ni ofishinsa, ya tashi da kansa ya jawo mini kujera.

"Baba Idi," ya ce, "zuwa tasha ya ƙare. Sauran gidajen sun sanar da mu ba za su ƙara karɓar kaset ko sidi ba. Daga yanzu ta intanet za a riƙa turawa, kafin ka sha shayi shiri ya isa Maiduguri."

Na ce masa wannan ai abin farin ciki ne, kuma har zuciyata haka na ji, don ni na san wahalar jiran motar da ba ta cika ba. Ya ce za a buɗe sabon sashe, yana so ni in shugabance shi, za a tura ni kwas Legas in dawo da ƙarin girma. Da ya gama wannan sai ya shiga juya biro a hannunsa.

"Sai dai ɗakinka muke buƙata. Shi kaɗai ne mai sanyi, nan za a girka na'urorin."

"Faya-fayan fa, ranka ya daɗe?"

"Na nemi wuri na rasa. Akwai wani mutum da ya ce zai kwashe. Masu noman shinkafa suna son zaren, suna ɗaura shi a gona, idan iska ta kaɗa yana ƙyalli yana ƙara, tsuntsaye su gudu." Ya ɗago ya dube ni. "Ni ma ba daɗi na ji ba. Idan kana da inda za ka ajiye, zan sa hannu a ba ka amana."

Ban yi fushi ba. Na taɓa ganin irin wannan zare a fadama yana walƙiya, ban taɓa tambayar kaina muryar wa ke jikinsa ba sai ran nan. Na roƙe shi ya ɗan jinkirta mini. Na zaga gari, na je wata makaranta, na je wani ofishi, ko'ina a karɓe ni da mutunci a ce babu wuri. Shagunan haya kuwa rufin kwano ne, zafin bazara ɗaya zai narkar da komai. A gidanmu na Ƙofar Dumi kun san yadda yake a lokacin: zaure yana yoyo, tsofaffin ɗakunan na ƙasa ne, gara ta saba da su. Wuri ɗaya ne busasshe mai sanyi, na bulo da siminti da silin, shi ne sabon sashen da muka gina wa Nasiru. Ba ni kaɗai na gina ba. Shi ma abin da yake samu a shagon atamfarsa na kasuwar Muda Lawal nan yake zubawa, ranar da babu kasuwa da hannunsa yake ɗaukar bulo. An riga an sa rana, bayan ƙaramar Sallah amarya za ta tare.

Innarku na fara faɗa wa. Tana tankaɗe a ƙofar madafi, ta saurare ni har na gama, hannunta bai tsaya ba. Kun san Nasiru ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta shiga maganarsa, ko zazzaɓi yake yi sai dai ta aiki wani ya duba shi. Na ɗauka shirun nan za ta yi kamar kullum. Sai ta ajiye rariyar.

"Malam, matattu za ka kawo ka kori mai rai?"

"Ba korarsa zan yi ba. Na ɗan lokaci ne."

"Ni za ka faɗa wa ɗan lokaci? Na san ka da faya-fayan nan tun kafin a haifi kowa a gidan nan. Idan sun shiga ba za su fita ba. Yaron nan ya ɗauki bulo har kafaɗarsa ta saɓule. Me zan ce wa iyayen yarinya? In ce musu an ba wa kaset ɗakin 'yarsu?"

Tunda muka yi aure ban taɓa jin ta tsaya wa Nasiru da baki ba sai ranar. Duk da haka ban fasa ba. Washegari na je shagonsa da kaina, ban aika a kira shi ba, don ni ke da buƙata. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya durƙusa ya gaishe ni, na faɗa masa komai ban rage ba. Ya sunkuyar da kai.

"Baba, gidanka ne," ya ce.

"Ba umarni nake ba ka ba, Nasiru. Roƙo na zo."

"Na ji, Baba. Allah ya sa haka ya fi alheri."

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma da ya yi mini gardama da ya fi mini sauƙi. Ya je ya kama haya a unguwar Fadaman Mada, can amaryarsa ta tare, can aka haifi 'ya'yansa. Yana zuwa gaisuwa kowace Juma'a bai taɓa fashi ba, amma daga zaure sai ɗakin Innarku, ko kallon sashen nan ba ya yi. Wannan shi ne abin da shawarar ta ci mini, kuma ba zan ɓoye muku ba ya yi mini ciwo. Na so jikokina na fari su yi rarrafe a tsakar gidan da na yi nawa.

Ranar kwasowa babbar motar ta kasa shiga lungunmu, sai a bakin titi ta tsaya, masu kura suka yi ta jigila tun hantsi har la'asar. Unguwa ta fito kallo. Maƙwabcinmu tela ya leƙo daga shagonsa ya ce, "Malam Idi, kayan amaryar ne suka iso?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don maganar ta yi daɗi. Innarku ba ta fito ba.

Da na gama jera su na zauna ina dubawa, sai na ga abin da ban lura da shi ba a can. Wasu sun fara funfuna, wasu zaren ya manne da juna, wasu idan ka taɓa sai baƙin gari ya biyo yatsanka. Ajiya kaɗai ba za ta cece su ba, a hankali za su mutu a hannuna maimakon a gonar shinkafa. Mafita ɗaya ce, a juye su cikin kwamfuta, kuma faifai ba a yi masa gaggawa, dole a kunna shi ya yi ta tafiya daga farko har ƙarshe mutum na zaune yana saurare. Wanda ke shugabantar sashe ba shi da wannan lokaci. Na koma wurin Alhaji Kabiru na ce a ba wani kwas ɗin da kujerar, ni ina neman ritaya. Ya yi ta lallashina, ya ce saura kaɗan in kai matakin da kowa ke buri. Na ce na sani. Na ce masa sabon sashen kowa zai iya riƙe shi, amma tsohuwar na'urar nan saura mu biyu muka san hannunta a gidan, ɗayan kuma ya riga ni ritaya.

Ɗayan shi ne Injiniya Bulus, mutumin wajen Tafawa Ɓalewa, wanda muka fara aiki tare tun muna samari. Shi na nema. Ya zo ranar Lahadi bayan an tashi coci, da kwat ɗinsa da jakar kayan aiki, ya tsaya a ƙofar ɗakin ya riƙe ƙugu.

"Malam Idi, kai dai ba ka da hankali," ya ce. "Ina na'urar yake?"

Tsofaffin na'urori aka ba mu waɗanda aka daɗe da jingine su. Ya farke su duka ya haɗa guda mai rai daga cikinsu, inda robar da ke juya faifai ta tsinke ya yanko daga tiyub ɗin keke. Shi ya haɗa ta da kwamfutar da na saya, shi ya zauna da ni yana nuna mini inda zan danna. Na sha wuya da farko, yatsuna sun saba da reza, wannan ɗan abin da ake turawa a kan tebur sai ya riƙa guje mini. Amma kafin azumi ya zagayo ina juyewa ni kaɗai, ina rage ƙarar iska, ina sa wa kowanne suna. To ku faɗa mini, wannan ne mutumin da ya kasa gane kwamfuta?

Haka na shiga aiki. Bayan na karya kumallo in shiga, in goge kan na'ura da auduga da sifirit, in ɗora faifai. Idan an ɗauke wuta in jira, idan jiran ya yi yawa in tayar da ƙaramin janareto. Ba duka na ceto ba. Akwai faifan wata tsohuwa mai waƙar daɓe da muka ɗauka a wani ƙauye bayan Ningi, ina tuna ranar kamar yau, ta ƙi yin waƙa sai da aka tara mata 'yan amshi. Ina ɗora shi ya yi juyi kaɗan, na ji ta buɗe baki, sai zaren ya wargaje kamar busasshen ganye. Na kashe na'urar na zauna. Ban san hawaye nake ba sai da na ga ya ɗiga a kan kwalin.

Innarku ta yi watanni tana ajiye mini abinci a bakin ƙofa ta juya. Wata rana ina fama da wani faifai da takardar jikinsa ta goge, mata ne ke waƙa ban san ko su wane ne ba, sai na ji magana a bayana.

"Wannan ai waƙar kai amarya ce ta mutanen Darazo. Kakata tana yin ta. Amma sun tsallake baiti ɗaya."

Na juya. Tana tsaye da kwanon tuwo a hannu. Na ce ko za ta tuna baitin. Ta ce ita ba zabiya ba ce, ta ajiye kwanon ta fita. Washegari ta dawo da 'yar kujerarta ta zauna daga bakin ƙofa tana gyaran wake. Daga ranar ta zama kunnena na biyu. Duk abin da ya shafi waƙoƙin mata, na suna da na biki da na daka, ita ke gaya mini na ina ne, wane lokaci ake yinsa. Da yawa daga sunayen da ke kan muryoyin nan a yau daga bakinta suka fito, ku san wannan. Amma kada ku ɗauka ta sauka daga maganarta. Ko a lokacin, idan Juma'a ta yi Nasiru ya zo ya tafi, sai ta wuni ba ta leƙo ni ba.

Aikin ya ɗauke ni fiye da yadda na zata, damina ta zo ta wuce ta sake dawowa. Ranar da na gama, duk abin da masu kura suka wuni suna ɗauka ya shige cikin wani ɗan akwati da bai fi sabulun wanki ba. Na sa shi a aljihun babbar riga na kai wa Alhaji Kabiru. Ya karɓa da hannu biyu. Shi ya kawo shawarar a riƙa yin shiri duk mako da waɗannan tsofaffin muryoyi, ni in zaɓa in haɗa daga gida. Shirin farko da na haɗa ni da kaina na tura shi ta intanet zuwa garuruwan da na yi rabin rayuwata ina aika wa kwali. Na danna, na ɗaga kofin shayi, kafin in kurɓa wani yaron gidan rediyon Yola ya bugo ya ce ya iso. Na yi dariya ni kaɗai har Innarku ta leƙo ta ga ko lafiya.

Bayan an fara sa shirin da 'yan makonni, wata ranar Talata da azahar na ji tsayuwar mashin a ƙofar gida. Nasiru ne, ba ranar zuwansa ba, da wani dattijo a bayansa, rigarsa duk ƙurar hatsi. Ya ce sunansa Malam Haruna, yana awon masara a Muda Lawal kusa da layin su Nasiru. Jiya yana cikin awo, rediyon maƙwabcinsa na kunne, sai ya ji wani maƙeri yana bayanin yadda ake ƙera garma. Ya saki kwanon awon, masara ta watse. Mahaifinsa ne, wanda ya rasu tun shi Haruna bai yi aure ba. Ya bi layi yana tambayar wanda ya san inda aka samo muryar, har aka nuna masa shagon Nasiru.

"Na ce masa mahaifina ne ya adana ta," in ji Nasiru. "Na ce ya hau in kawo shi."

Na shigar da dattijon na zaunar da shi a kujerata. Nasiru ya tsaya a bakin ƙofa, sannan ya cire takalmi ya shigo, karo na farko tun da aka jera faya-fayan. Na nemo hirar, doguwa ce, a rediyo ɗan yanki kawai muka sa. Na kunna. Ga ƙarar guduma, ga hucin zugazugi, ga tsohon yana magana yana dariya, har a tsakiya ya daka wa wani tsawa ya ce, "Kai Haruna, ƙara gawayi!" Malam Haruna ya amsa da ƙarfi, "Na'am, Baba," kafin ya tuna inda yake. Ya ja hular kansa ya rufe fuska. Muka ci gaba da saurare har faifan ya ƙare.

Na juye masa a wayarsa. Ya ce ba zai koma kasuwa ba, garinsu zai wuce, mahaifiyarsa tana da rai, idonta ya tafi amma tana ji sarai. Nasiru ya kai shi tasha. Na ɗauka daga can shago zai koma, sai ga shi ya dawo. Innarku ta kawo tuwo, ta dube shi zaune a kan tabarma a cikin ɗakin, ta dube ni, ta koma ta ƙaro miya. Muka ci a kwano ɗaya. Bai ta da maganar ɗakin ba, ni ma ban tayar ba, har yau kuma ba mu taɓa yin ta ba. Da muka wanke hannu ya ɗaga kai yana bin kantocin da kallo.

"Baba, akwai na masaƙa?" ya ce. "Ina so in ji yadda suke kiran sunayen zane a da."

Na ce akwai, ya miƙo mini kwalin da ke saman kansa.